Fursunan da Duhu Ya Zame wa Makami

Maganar kimiyya ta wannan mako a kan wani wasa ne da a ke yi da na'ura, wanda labarinsa duka a cikin kurkuku ya ke. Wataƙila wani ya ce, ina ruwan kimiyya da wasan yara? To, ai wannan ba na yara ba ne, domin a Amurka an ƙayyade shi ga wanda ya kai shekara 17. Ban da haka kuma, an gina shi ne a kan abu biyu da masana suka daɗe suna bincike, watau yadda ido ke gani cikin duhu, da yadda haske ke sauka a jikin abu har ya bayyana siffarsa.

Sunan wasan The Chronicles of Riddick: Escape from Butcher Bay. Ya fito cikin watan Yuni na 2004 a kan na'urar wasa ta Xbox, sa'an nan a ƙarshen shekarar aka fitar da shi don kwamfuta. Wani kamfani ne na ƙasar Suwidin, mai suna Starbreeze, a birnin Uppsala, ya ƙera shi, tare da kamfanin Tigon na ɗan wasan sinima Vin Diesel. Shi Vin Diesel shi ne ya fito a matsayin Riddick cikin majigin nan Pitch Black na shekarar 2000, kuma muryarsa da kamanninsa aka sa a cikin wasan.

Ga yadda labarin ya ke. Riddick gawurtaccen mai laifi ne. Wani mafaraucin mutane, Johns, wanda sana'arsa kama masu laifi don a ba shi lada, ya kawo shi wani gidan yari mai suna Butcher Bay, a wata duniya ta almara can nesa cikin sararin sama. An ce ba wanda ya taɓa tserewa daga nan. Gidan kashi uku ne, kowane ya fi na bayansa tsanani. A na farko fursunoni suna yawo a fili, suna ciniki, suna faɗa. Na biyu ya haɗa da ramukan haƙar ma'adinai a ƙarƙashin ƙasa. A na uku kuwa sai a daskarar da mutum cikin barci, ba a tashe shi sai na ɗan lokaci kaɗan don ya motsa jiki. Duk sa'ad da Riddick ya yi yunƙurin gudu aka kama shi, sai yari, mai suna Hoxie, ya tura shi gaba.

Mai wasa ba ya tsayawa gefe ya kalli Riddick kamar yadda a ke kallon majigi. Ta idon Riddick ya ke gani. In ya sunkuyar da kai sai ya ga ƙafafunsa, in fitila tana bayansa sai ya ga inuwarsa a bango. Hanya uku gare shi ta ƙetare abokan gaba. Akwai dambe, da hannu ko da kulki ko da 'yar wuƙar da fursunoni suka wasa a ɓoye. Akwai harbi. Akwai kuma sanɗa. Amma da fari bindiga ta fi ƙarfinsa, domin bindigogin gandirobobi an ɗaure su da shaidar ƙwayoyin halittar mai su, fursuna na taɓawa sai lantarki ya fizge shi. Saboda haka tilas ya koma ga abin da ba a iya kulle masa, watau duhu.

Hausawa sun ce dare rigar mugu, to, a nan maganar ta tabbata sosai. In Riddick ya tsuguna a wurin da haske bai kai ba, sai hoton da ke allo ya rine ya yi shuɗi-shuɗi, alamar ba mai ganinsa. Yana iya fasa ƙwan fitila don ya faɗaɗa duhun, yana iya jan gawa ya ɓoye ta. Su kuma gandirobobi sai su kunna tocila su bi sawu. Daga baya, bayan ya faɗa wani rami mai zurfi, tocilarsa ta mutu, wani tsoho mai suna Pope Joe ya ɗinke masa rauni, sai idanunsa suka juye suka riƙa ƙyalli, ya zama yana gani cikin baƙin duhu. Amma baiwar da sharaɗi ta zo. In ya buɗe wannan gani a gaban fitila, sai kome ya yi fari fat, ya makance na ɗan lokaci. Shi ya sa ya ke yawo da baƙin tabarau.

To, a nan kimiyya ta shigo. Shin mutum na iya samun irin wannan ido?

A can bayan ƙwayar ido akwai wani tantani wanda haske ke sauka a kansa. A jikinsa akwai ƙananan halittu iri biyu masu jin haske. Iri ɗaya siffar mazurari gare su, sun kai wajen miliyan 5 ko 6 a ido guda, su ne ke rarrabe launi da ƙananan abubuwa, amma sai da haske sosai su ke aiki. Ɗaya irin kuwa siffar sanda gare su, sun haura miliyan 90, ba su san launi ba, amma haske ƙanƙani ya ishe su. A 1942 wani masani, Selig Hecht, da abokan aikinsa biyu a Jami'ar Columbia ta birnin New York, suka nuna cewa ɗigon haske guda, mafi ƙanƙantar abin da haske ke iya zama, yana iya motsa sanda ɗaya. Ashe dai idon ɗan Adam ba rago ba ne da dare.

Abin da ya ke bukata shi ne lokaci. In mutum ya fito daga ɗaki mai fitila ya shiga duhu, 'yar ƙofar da ke tsakiyar baƙin ido takan buɗe nan da nan, daga wajen milimita 2 har zuwa wajen 8 ga matashi, watau hasken da ke shiga ya ninka kamar sau 16. Wannan kaɗan ne. Babban aikin wani sinadari ne mai launin ja-ja da ke cikin sandunan, wanda wani Bajamushe, Franz Boll, ya gano a 1876. Haske mai ƙarfi yakan kashe masa launi, ya daina aiki, sai a cikin duhu ya ke komowa sannu a hankali. Kafin ya cika yakan ɗauki minti 20 zuwa 30, sa'an nan ƙarfin jin haske na ido ya ninka sau dubbai. Amma fitila mai ƙarfi tana iya rushe yawancin wannan tanadi cikin ɗan lokaci kaɗan. Duk wanda mota ta taɓa haske masa fuska a kan hanya da dare ya san haka. Ke nan makantar da Riddick ke yi a gaban fitila ba ƙarya ce tsagwaronta ba, abu ne da kowane ido ke yi, an dai ƙara masa gishiri.

Shi ma shuɗin nan da ke rufe allo yana da tushe. Tun farkon ƙarni na 19 wani masani na ƙasar Cek, Jan Purkinje, ya lura cewa da asuba, kafin gari ya waye, jajayen furanni sukan yi baƙi, amma masu launin shuɗi da kore sukan fi fitowa. Dalili shi ne sandunan nan kusan ba su jin jan haske. Don haka ne matuƙan jiragen sama da na ruwa suka riƙa aiki da jar fitila da dare a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, don su karanta taswira ba tare da sun ɓata ganinsu na duhu ba.

Ƙyallin ido kuwa daga dabbobi aka aro shi. Kyanwa da kare da kura da saniya duk suna da wani shimfiɗaɗɗen abu kamar madubi a bayan tantanin ido. Hasken da ya wuce bai taɓa sanda ba sai madubin ya komo da shi, ya sake ratsawa, ya sami zarafi na biyu. Ragowar da ta fito waje ita ce ƙyallin da maharbi ke gani in ya haska tocila a daji. Da wannan da faɗin ƙofar idonta, kyanwa tana gani da kamar kashi ɗaya cikin shida na hasken da mutum ke bukata. Amma ita ma ta biya. Hasken da ya komo yakan ɗan watsu, hoto ya dushe, don haka da rana mutum ya fi ta rarrabe ƙananan abubuwa nesa ba kusa ba, ya kuma fi ta sanin launi. Mutum ba shi da wannan madubi, ba kuwa wani likita da ke dasa shi. Wannan gefen labarin almara ne zalla.

Saura magana ta biyu, watau yadda na'ura ke ƙera haske da inuwa. Na'ura ba ta san bango ko fuska ba, lissafi kaɗai ta sani. Kowane abu da a ke gani cikin wasa an haɗa shi ne da ƙananan alwatika, masu kusurwa uku, kamar yadda maɗinki ke haɗa ƙyallaye. In ana son fuska ta fito da tamoji da tabo, sai an sa alwatika masu ɗimbin yawa. Alhali kuwa na'urar Xbox ta farko, wadda ta fito a 2001, ma'ajiyar aikinta megabait 64 ce kacal, wayar hannu ta yau tana da dubbai. Kuma dole ta sake zana hoton duka sau da yawa cikin kowace daƙiƙa, in ba haka ba motsi ya riƙa tsinkewa.

Dabarar da suka bi ta samo asali ne daga wata ƙa'ida da Johann Lambert ya rubuta a 1760, cewa hasken da a ke gani a jikin abu ya dogara ga inda fuskar abin ta dosa. Wurin da ya fuskanci fitila sosai ya fi haske, wanda ya karkace ya fi duhu. Mai sauraro ya tuna da bangon da aka yi wa zanen tudu irin na maginan Zariya ko Kano. Da hantsi, in rana ta bugo shi daga gefe, kowane tudu yakan fito sarai, gefe ɗaya haske, gefe ɗaya inuwa. Da wannan haske da inuwa ne ido ke gane akwai tudu, tun hannu bai shafa ba. A 1978 wani Ba'amurke, James Blinn, ya nuna cewa ana iya ruɗin ido ta nan: a bar bango sumul, amma a gaya wa na'ura ta haska kowane ɗigo nasa kamar ya karkace.

Ga yadda masu ƙera wasa ke aiki da wannan. Da fari sai a sassaƙa abu a cikin kwamfuta da duk ƙananan siffofinsa. Sa'an nan a auna inda kowane ɗigo na jikinsa ya dosa, a rubuta cikin wani hoto na musamman. Daga nan sai a yi wani samfuri mai alwatika kaɗan, a lulluɓa masa hoton. In tocilar gandiroba ta ratsa bango, na'ura takan duba hoton, ta haska nan, ta duhunta can, sai mai kallo ya rantse ya ga tsatsa da ƙusa da tsagar siminti. Amma in ya matsa ya dubi bangon ta gefe, sai ya tarar sumul ya ke. Inuwar da ke motsi kuma tana da tata dabara, wadda Franklin Crow ya bayyana a 1977: a ja layi daga fitila ta gefunan abu, duk abin da ya faɗa cikin wannan zango a bar shi cikin duhu. Wasan Riddick yana cikin na farko-farko da suka haɗa dabarun nan biyu a kan na'urar wasa ta gida, har ya riga shahararren wasan nan Doom 3 fitowa da wata biyu.

Amfanin wannan ba ado kaɗai ba ne. Da a ce inuwa fenti ce da aka shafa a bango tun farko, da fasa ƙwan fitila ba zai sake kome ba. Amma da ya ke lissafa ta a ke yi nan take, duhu ya zama abin da mai wasa ke iya ƙirƙira, abokin gaba kuma ya iya korewa. Wasan ya sami yabo ƙwarai, har masu sharhi da yawa suka ce ya fi majigin da ya fito tare da shi a wannan wata. A 2009 aka sabunta shi, aka haɗa shi da wani sabon kashi mai suna Assault on Dark Athena. A shekarar nan kuma waɗansu daga cikin maƙeransa suka kafa kamfanin MachineGames a Uppsala, wanda ya fitar da Wolfenstein: The New Order a 2014.

Akwai wani abu cikin maganar nan da ya shafi gida, ba wasa ba. Sinadarin nan na cikin sanduna da bitamin A jiki ke ƙera shi. George Wald na Jami'ar Harvard shi ya bayyana haka, aka kuwa ba shi kyautar Nobel a 1967. In bitamin ɗin ya yi ƙaranci, alama ta farko ita ce dundumi: yaro yana gani lafiya da rana, amma magariba na yi sai ya riƙa tuntuɓe, ya kasa gane kwanon tuwo a gabansa. In aka ƙyale abin ya yi nisa, yana iya kai wa ga makanta ta har abada. Ana samun bitamin A cikin hanta, da ƙwai, da madara, da manja, da karas, da mangwaro, da ganyaye irin su zogale da alayyafo. Duk uwar da ta ga haka ga ɗanta, ko mace mai ciki da ta ji haka a jikinta, ta hanzarta zuwa asibiti, domin magani yana da sauƙi in an zo da wuri.

Wanda kuma ya ke son ya gwada idonsa, to, ya zauna a tsakar gida daren da babu wata, ya kashe fitila, ya ajiye waya, ya yi haƙuri rabin sa'a. Sa'an nan ya nemi wani tauraro mai dishi-dishi. In ya zuba masa ido sosai zai ɓace, domin tsakiyar tantanin ido babu sanduna. In ya ɗan kau da ido gefe kaɗan, sai tauraron ya komo.

Sai wani mako in Allah ya kai rai. A huta lafiya.