Kafin Ka Tsoma Baki a Majalisa

A Birniwa, kamar sauran garuruwan masarautar Haɗeja, labari kan fara sauka ne a majalisa, a kan tabarmar ƙofar gida bayan la'asar ko a teburin mai shayi. Tun da layin dogo na Kano zuwa Nguru ya ratsa garin a wajajen 1930, fatake da matafiya suke sauke labari tare da kayansu. Yau waya ce ke kawo shi kafin mota ta iso. Abin da bai sauya ba shi ne, majalisa ce ke tace magana ko ta ƙara mata gishiri, kuma wannan ya danganta da halin kowane mutum da ke zaune.

Hali na farko da nake ganin yana gushewa shi ne barin mai magana ya dire. Dattawan da suka saba da zaman sulhu a zauren bulama ko gaban hakimi sun san cewa mai kawo ƙara yakan ajiye ainihin damuwarsa sai can ƙarshe, bayan ya gama kewaye-kewaye. Wanda ya katse shi a tsakiya, amsar wata tambaya daban zai bayar. Shi ya sa za ka ga dattijo ya yi shiru har sai an ce masa, "Baba, ba ka ce komai ba," sannan ya fara da tambaya: "Kai ka gani, ko gaya maka aka yi?"

Wannan tambaya tana da nauyi a yankinmu. Duk damina sai an ji ƙishin-ƙishin cewa an buɗe dam. Dam ɗin Tiga da aka kammala a 1974 da na Challawa na 1992 suna can jihar Kano, a hannun hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are, kuma ruwansu kan ɗauki kwanaki kafin ya iso fadamun Auyo, Kiri Kasamma da Guri. Ambaliya irin ta 2022 ba sakin ruwa kaɗai ke haifar da ita ba. Akwai yawan ruwan sama, akwai yashi da ciyawar kachalla da suka toshe hanyoyin kogi. Mutumin Birniwa yana kan tudu, amma yana da 'yan'uwa da surukai da gonar shinkafa a fadama. Idan ya ɗauki "an ce" ya miƙa wa ƙaninsa, yana iya sa shi ya yanke shinkafar da ba ta nuna ba. Idan kuma ya yi wa gargaɗin gaskiya dariya, asarar ta fi haka. Labarin rikicin manoma da makiyaya ya ma fi haɗari, domin ɓarnar kunya biyu a gonar wake tana iya zama kisan kai kafin ta ƙetare ƙauye uku.

Sai kuma yarda cewa ba kowace magana ce ke jiran amsarka ba. An ruwaito cewa an yi wa Imamu Malik, wanda mazhabarsa muke bi, tambayoyi 48, ya amsa 32 daga ciki da cewa bai sani ba. Malamin Madina ke nan. Mu kuwa a zama ɗaya mutum zai yanke hukunci kan farashin riɗi na baɗi, da maganin ciwon ƙoda, da rabon gadon gidan da bai taɓa shiga ba. Wannan yana damuna ƙwarai, domin mai sauraro marar ƙarfi, wanda ba shi da wani wurin tambaya, shi ne zai tashi ya yi aiki da abin da ya ji.

Gyara ma yana da muhallinsa. Idan kuskuren ya shafi lafiyar jama'a ko dukiyarsu, a gyara shi nan take, a gaban duk wanda ya ji shi, domin gyaran da aka yi a ɓoye ba ya riskar waɗanda suka riga suka tashi. Idan kuwa tuntuɓen harshe ne da zai kunyata mai shi kawai, musamman babba, sai a bari a watse, a raka shi hanya, a ce, "Kawu, ni kuwa ga yadda na ji maganar nan." Sau da yawa shi da kansa zai dawo gobe ya gyara ta a majalisar.