Dami Biyu Kowace Kaka

Baffana yana da wata gona a tudu, hagu da hanya idan ka baro Sakkwato ka nufi garin Wamakko, jigawa ce mai ba da gero in damina ta yi albarka. Ina yaro wani mutum ya zo da goro da dattijai biyu, ya zauna a zaure ya ce iyali sun yi masa yawa, ba shi da inda zai sa fartanya, a taimaka masa da aro. Baffa ya yanka masa daga gindin kuka zuwa bakin kwari. Ba a rubuta komai ba. Aka yi fatiha, aka raba goro, aka watse. Kowace kaka mutumin yakan ɗoro dami biyu a kan jaki ya sauke a ƙofar gida, ya durƙusa ya yi gaisuwa. Ni nake shigar da su rumbu, shi ya sa na san biyu ne, ba su taɓa zama uku ba.

Shekaru suka ja, birni ya rarrafo. Arkilla ta cika, Bado ta cika, hanyar Kalambaina ta zama gari, gonaki suka koma fulotai. Ran nan sai ga wasu mutane da mota da igiyar awo suna kafa turaku a gonar Baffa. Da aka je gaban maigari, mai aro ya zaro takarda daga aljihu, rubutun Turanci, ga dangwalen yatsan Baffa a ƙasa. Baffa ya tuna ranar sarai: ce masa aka yi takardar neman takin zamani ce, wai sai mai gona ya sa hannu. Wani ɗan makaranta ya karanta ya fassara. An sayar, in ji takarda, za a riƙa biya da hatsi kowace shekara.

"Ni dai aro nib ba ka," in ji Baffa. "Damen da kaka kawo min, na mi na?"

"Biya na, Malam. Sannu-sannu nika biya."

Dami biyun nan su ne shaidar Baffa cewa gona tasa ce. Su ne kuma shaidar wancan cewa ya saya.

Duk lokacin da na karanta labarin hulɗar jami'an Ingila da sarakunan Musulmi, daga nan Sakkwato har Tekun Fasha, zauren nan nake gani. Baƙon farko shi ma da goro ya zo. Hugh Clapperton, sojan ruwa, wanda ya yi tafiya da sunan Abdullahi, ya iso Sakkwato a Maris 1824 ta hanyar Tarabulus da Barno da Kano, Waziri Giɗaɗo ya sauke shi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karɓe shi da mutunci, amma tambayoyinsa ba na wanda bai san duniya ba ne. Ya tambaye shi wace ɗarika ta Nasara mutanen Ingila suke bi, har ya ambaci Nasturawa, baƙon ya rasa ta cewa don shi ba malami ba ne. Ya tayar da zancen yaƙin Girkawa da Turkawa, da yadda jiragen Ingila suka yi wa Aljaza'ir ruwan wuta, da abin da ya sami Indiya. Duk da haka ya rubuta wa Sarkin Ingila George na Huɗu wasiƙa, yana maraba da ciniki, yana son a aiko masa da jakada da likita.

Da Clapperton ya dawo a ƙarshen 1826, ta Badagari wannan karon, ya zo da littattafan Larabci, ciki har da littafin lissafi na Iƙlidis. Bello ya yi murna da shi, ya ce gidansu suna da kwafi da aka kawo daga Makka, gobara ta cinye. To amma a cikin kayan baƙon akwai wasiƙa da makamai da zai kai wa Shehu Laminu na Barno, ga shi kuwa ana yaƙi da Barno. Aka karɓe su. Kuma a wannan zuwan ne aka faɗa wa Clapperton a fili abin da ake raɗe-raɗi: wai haka Ingilishi suka shiga Indiya, ɗaya-ɗaya, biyu-biyu, har suka yi ƙarfi suka cinye ƙasar. Gemun maƙwabci ya kama wuta, mutanen Sakkwato sun gani tun daga nesa. Clapperton ya rasu a Sakkwato ranar 13 ga Afrilu 1827, aka binne shi a wani ƙauye kudu maso gabas da birni, ba jakada, ba likita.

Ya kamata a fahimci gurbin da fada ta sa irin waɗannan baƙi. Fiƙihu ya tanadi amana ga ɗan kasuwa wanda ba Musulmi ba: ya shigo, a tsare ransa da dukiyarsa, ya yi ciniki, ya bi dokar ƙasa, ya koma. Irinta Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya ba Heinrich Barth, Abdulkarimu, a 1853 don fataken Ingila. Aro ke nan da sunansa. Wanda aka ba amana in ya kawo kaya kowace shekara, gaisuwa ya kawo, kuma gaisuwa daga ƙasa take hawa sama.

Da wannan fahimtar Sarkin Musulmi Umaru ɗan Aliyu ya karɓi Joseph Thomson a Wurno, aka sa hannu a takarda ranar 1 ga Yuni 1885. Thomson ɗan aiken kamfanin George Goldie ne, wanda ya zama Kamfanin Royal Niger a 1886. Rubutun Turancin ya ce Sarkin Musulmi ya miƙa wa kamfani dukkan haƙƙinsa a kan ƙasar da ke gaɓar Binuwai hagu da dama, ya kuma ba shi kaɗai izinin ciniki, kamfani kuma zai riƙa kawo kaya na kimanin jakar wuri 3,000 kowace shekara. Bayan kwana goma sha biyu aka yi irinta da Sarkin Gwandu Maliki a kan jaka 2,000. Jaka ɗaya wuri 20,000 ce, don haka ba ƙaramin kaya ba ne. Amma wane sarki ne zai sayar da Adamawa da Muri a kan ƙyalle da madubi? Watanni kaɗan bayan haka Bajamushe Paul Staudinger ya iso, aka gaya masa ba a ba kowa ƙasa ba, kuma kasuwa a buɗe take ga duk mai son ciniki. A 1891 Bafaranshe Monteil ya zo, shi ma ya tafi da tasa takardar.

Nan ne labarin Baffa ya buɗe mini ido. Mai aro bai rubuta takardarsa don Baffa ya karanta ba, ai ya san bai iya Turanci ba. Don mai saye daga birni ya rubuta ta, da dillali, da ofishin ƙasa. Takardar Wurno ma masu karatunta suna Landan da Faris da Balin. Da ita Ingila ta zauna da Faransa a Agusta 1890 aka ja layi daga Sayi a bakin Kwara zuwa Baruwa a Tafkin Chadi, aka ce duk abin da yake na daular Sakkwato ya faɗa rabon kamfani. A 1898 suka sake zama, suka kafa tsinin alƙalamin awo a tsakiyar birnin Sakkwato suka zagaya da'ira mai nisan mil 100, suka ce nan ce iyaka. A 1904 suka gyara ta don Faransawa su sami hanya mai rijiyoyi zuwa Damagaram. Ba wanda ya aika Wurno ko Sakkwato ya ce a zo a tsaya a kan iyaka, kamar yadda ko rabon gado ake kiran maƙwabta.

Larabawa sun riga mu ganin wannan. A Adan, Kyaftin Haines ya je wurin Sarkin Lahaj Muhsin ɗan Fadli yana neman tashar da jiragen Ingila masu zuwa Bombai za su riƙa ɗibar gawayi. Ya ce ya sami alkawarin za a ba su garin a kan kuɗin shekara, gidan sarauta suka ƙi cika abin da ya ce an yi, sai jiragen yaƙi suka zo suka ƙwace Adan ranar 19 ga Janairu 1839. Bayan haka aka riƙa biyan sarkin kuɗin shekara, kuma ba su bar wurin ba sai 1967. A gaɓar Tekun Fasha an fara da yarjejeniyar 1820 bayan an rushe Ra'asul Khaima da igwa, aka bi da ta zaman lafiyar teku a 1853, sannan a 1892 shehunan Abu Dabi da Dubai da Sharja da maƙwabtansu suka sa hannu a kan abin da duk manomin Wamakko zai gane nauyinsa: ba za su sayar da ƙasarsu ba, ba za su bayar ba, ba za su jinginar ba, sai ga Ingila, kuma ba za su yi wasiƙa da wata daula ba. Gona taka ce, amma ko aro ba ka da ikon ba wani.

Ba na cewa duk yaudararsu aka yi. Shehu Mubarak na Kuwaiti ya hau mulki a 1896 bayan ya kashe 'yan'uwansa biyu, yana tsoron Turkawa da 'ya'yan mamatan, shi da kansa ya nemi inuwar Ingila, aka ƙulla a asirce a Janairu 1899, aka ba shi rufi 15,000. Muna da irinsa a ƙauye, mai gonar da ake rigimar gado a kanta, yakan ba wani mai ƙarfi aro da gangan don dangi su ji shakkar shiga. Kuma abin da Ingila take so a can burtali ne, hanyar ruwa zuwa Indiya, shi ya sa ta bar shehunan a gidajensu, wakilinta yana zaune a Bushahar yana lura. A ƙasar Hausa gonar gaba ɗaya ake so, don Faransawa suna tahowa ta yamma da arewa, Jamusawa ta gabas.

Wadda ta karɓe gonarta a zamanin, Farisa ce, ita ma da tsada. A 1890 Shah Nasiruddin ya ba wani Baturen Ingila, Talbot, ikon sayen dukkan tabar ƙasar da sayar da ita har shekara 50, a kan fam 15,000 a shekara da rubu'in riba. Manoma da 'yan kasuwa suka tayar da ƙura, fatawa ta fito da sunan Mirza Hasan Shirazi a Disamba 1891 ta haramta shan taba, mutane suka ajiye tukwanen shisha har a cikin gidan sarki. Aka soke yarjejeniyar a farkon 1892. Sai kamfani ya nemi diyyar fam 500,000, kuma a bankin Ingilishi da ke Tehran aka ranto kuɗin.

Namu ya ƙare da sauri. Kamfani ya ci Bidda da Ilori da yaƙi a 1897, mai amana ya ɗaga wa talakawan mai gida bindiga. Ranar 1 ga Janairu 1900 jami'in Ingila Lugga ya kafa tuta a Lakwaja, ya aiko da sanarwa Sakkwato, Sarkin Musulmi Abdurrahman bai amsa ba. Gaisuwar shekara ta daina zuwa. Kwantagora, Yola, Bauci, Zazzau suka faɗa hannunsa ɗaya bayan ɗaya. Lugga ya riƙe wata wasiƙa ta 1902 da ya ce daga Abdurrahman take, mai cewa ba abin da ke tsakani sai yaƙi, wasiƙar da masana tarihi suka daɗe suna jayayya a kan asalinta da fassararta. Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu 1903, aka gwabza a Giginya, a bakin Sakkwato, ranar 15 ga Maris, Sarkin Musulmi Attahiru, wanda ya gaji Abdurrahman, ya yi gabas har Burmi inda ya yi shahada a Yuli. Ranar 21 ga Maris Lugga ya tsaya gaban Waziri Buhari da manyan gari ya shaida musu cewa tsofaffin yarjejeniyoyi sun mutu, su suka kashe su, yanzu ƙasa ta Ingila ce da ƙarfin yaƙi. Shekara goma sha takwas ana nuna wa duniya takardar Wurno, ranar da aka shiga gonar aka naɗe ta aka sa a aljihu. A Nuwamban shekarar nan Lord Curzon, mai mulkin Indiya, ya tara shehunan gaɓar teku a cikin jirgin yaƙi a bakin Sharja yana tuna musu alherin Ingila a kansu.

Shari'ar Baffa ba ta kai kotu ba. Ɗaya daga dattijan da suka ci goro ya rasu, ɗayan ya tsufa har ba ya gane mutane sosai. Maigari ya yi sulhu, aka raba gonar biyu, kuka ta faɗa ɓangaren mai aro, aka sare ta aka ja katangar bulo. Rabin da ya rage har yanzu muna shuka gero a ciki, inuwar katangar tana hana layi uku na gefe yin zangarniya.

Da Baffa ya rasu, ranar sadakar uku, mutumin ya zo. Ya tsufa shi ma, yana dogara sanda. Ya zauna a ƙarshen tabarma ya yi addu'a mai tsawo, wani yaro ya shigo bayansa da kwano biyu na gero a buhu ya ajiye a bakin zaure. Yayana ya dube ni, na dube shi. Aka shigar da geron cikin gida, mata suka haɗa da na sadaka suka daka gumba.