Tsohuwar Durowa da Fentin Gwangwani

Da wuya a shiga gida a rasa wata tsohuwar durowa da aka jingine a lungu, fentinta ya koɗe, mariƙi ɗaya ya fita, samanta ya koma wurin ajiye tarkace. Galibi ragowar kayan ɗakin uwargida ce tun na aure. Yadda kayan katako suka yi tsada a 'yan shekarun nan, kafin a kira dillaliya ta saye ta a wulaƙance, ya kamata a sake dubanta da kyau.

Amma ba kowace durowa ce ta cancanci wahalar ba. Idan ta katakon gaske ce, irin madaci, ko da ta tsufa tana da sauran rai. Idan kuwa irin allon nan ne na garin katako da aka matse, kuma ruwa ya riga ya kumbura shi, ko gara ta cinye cikinsa, to a haƙura. Fenti ba ya tayar da ruɓaɓɓen katako.

Wadda ta cancanta kuwa, fentin feshi na gwangwani zai sabunta ta. Fentin ya samo asali ne daga Amurka, inda Edward Seymour ya fara haɗa shi a 1949 a jihar Illinois. Wanda aka fi samu a shagunan kayan gini shi ne mai mililita 400, kuma durowa matsakaiciya kan ci uku zuwa huɗu. Sai samfefa, da tsumma, da takunkumi. Kuɗin ke nan.

Inda mutane suke faɗuwa shi ne gaggawa. Feshin kansa mintoci ne, shirin da ake yi kafinsa shi ne aikin. A zare aljihunan durowar duka, a kwance mariƙai da sukurdireba, a wanke jikin da ruwan sabulu, don man shafawa da turaren da suka daɗe suna zuba a kai ba sa barin fenti ya kama. In ta bushe, a cike ramuka da dabarar kafintoci: garin katako a kwaɓa da gam. Sannan a bi da samfefa mai lamba 120, a ƙarasa da 220, ana bin tsawon zanen katakon. Ba sai an kankare tsohon fenti tas ba, a dai kashe ƙyallinsa. Mai fomeka a jiki ta fi buƙatar wannan, har da fentin shimfiɗa na farko, in ba haka ba farce ma zai ɓare abin da aka fesa.

A nan akwai abin lura. Tsofaffin fenti, musamman masu mai, wasunsu na ɗauke da dalma. Amurka ta hana sa ta a fentin gida tun 1978, amma a ƙasashe da yawa an ci gaba da sayarwa shekaru bayan nan. Mu kuwa mun san illar dalma: a Zamfara a 2010 yara fiye da 400 ta kashe, ko da yake wancan daga ƙurar dutsen zinariya ne. Don haka a jiƙa samfefar da ruwa kafin a goge don kada ƙura ta tashi, kuma a nisanta yara da masu juna biyu daga wurin.

Ranar feshi a zaɓi inuwa a fili a tsakar gida. Ƙurar hunturu tana manne wa ɗanyen fenti, laimar damina kuma tana dusashe shi, zafin rana tsaka yana busar da shi tun bai sauka a katako ba. Hantsin ranar da iska ta kwanta ya fi. A girgiza gwangwanin minti biyu bayan an fara jin ƙarar ƙwallon da ke ciki, a riƙe shi nesa da katako kamar taƙi ɗaya, wato santimita 20 zuwa 30. A fara danna kan gwangwanin tun hannu bai iso gefen durowar ba, a wuce da shi ba tsayawa. Zubin farko zai fito da tabo-tabo, kada wannan ya sa a ƙara masa kauri. Siriri sau uku, da hutun minti goma zuwa sha biyar a tsakani, ya fi mai kauri sau ɗaya, wanda zai zubo kamar hawaye. Idan an gama, a kifa gwangwanin a fesa kaɗan don kada bakin ya toshe.

Fentin zai bushe a taɓa shi cikin awa guda, amma sai ya yi kusan mako kafin ya yi tauri. A bar kwalaben turare da madubi a gefe har lokacin.

Iskar da ke cikin gwangwanin mai kamawa da wuta ce. Kada a yi feshi kusa da murhu, ko tukunyar gas, ko janareta mai aiki. Gwangwanin da ya ƙare kuma, don Allah kada a jefa shi a bolar da ake cinna wa wuta, domin fashewa yake yi, kuma yara ne suka fi zama kusa da ita.