Rage Ganyen Yaɗon Dankali Kafin Dashe

Ɗan'uwa manomi, dankali ba ƙwaya ake shukawa ba, yaɗonsa ake yanka a dasa. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato cikin shekarar 1978, manoman Talata Mafara da Bakura da Maradun waɗanda ruwan ya kai ga gonakinsu suka sami damar dasa dankali da rani, ba sai sun jira damina ba. To amma dashen rani yana da wuyar sha'ani. Iskar hunturu busasshiya ce, ranar bazara kuwa tana da ƙuna, ga shi yaɗon da ka yanko ba shi da saiwa ko ɗaya da zai sha ruwa da ita.

Wannan ne ya sa ake gardama a bakin gona kan ganye. Wani ya zage ganyen duka ya dasa yaɗo tsirara. Wani kuma ba ya taɓa ko ɗaya, yadda ya yanko haka zai turbuɗe shi. Dukansu biyu suna asara, ko da yake asarar mai zagewa ta fi yawa.

Aikin ganye

Ganye yana da ƙananan ƙofofi waɗanda ido ba ya gani. Ta nan ruwa yake fita daga jikin shuka, kamar yadda zufa take fita daga jikin mutum. Ruwan da shuka ta sha, fiye da kashi 90 cikin 100 ta ganye yake fita ya bi iska. In shuka tana da saiwa babu damuwa, abin da ya fita ta sama saiwa za ta mayar ta ƙasa. Yaɗon da aka yanko kuwa sai fita, babu mai mayarwa. Shi ya sa kake ganin ya yi laushi ya kwanta a kan kunya tun ranar farko.

Amma kuma a cikin ganye ake dafa abincin shuka da hasken rana. Da wannan abinci yaɗo yake fitar da saiwa. Ban da haka, toho da ƙananan ganyen da ke can kai su ne suke aika wani sinadari zuwa ƙasa wanda yake tayar da saiwa a gaɓoɓin da aka binne. Ka ga ke nan wanda ya zage ganye duka ya tsare ruwa, amma ya bar yaɗo da yunwa. Irin wannan yaɗo yakan rayu, sai dai yana jinkirin kamawa.

Kada ka raina wannan jinkiri. Saiwoyin farko da suka fito a gaɓoɓin da ke cikin ƙasa, daga cikinsu ne ake samun waɗanda za su kumbura su zama dankali, kuma a makonnin farko na dashe ake yanke wannan hukunci. In yaɗo ya sha wahalar ƙishi a lokacin, saiwoyin sukan yi tauri su zama sirara, ba su ƙara kumbura ba ke nan. Daga baya gona za ta yi kore shar, ka yi ta murna, ranar haƙa ka tarar 'ya'ya biyu ne kawai a gindi.

Yadda za ka yi

Ka yanko yaɗo daga gonar da ta yi wata biyu zuwa uku, mai lafiyayyen ganye. Duk gindin da ganyensa ya nannaɗe, ko ya yi dabbare-dabbaren rawaya, ko ya tsumbure, ka tsallake shi, domin cutar tana bin yaɗo zuwa sabuwar gona. Ka yanki kan yaɗo, wato wajen toho, tsawon ƙafa ɗaya, santimita 25 zuwa 30 ke nan, kimanin taƙi ɗaya da rabi. Kan yaɗo ya fi saurin kamawa. Ƙwaron da yake huda dankali ya sa shi ɗaci, a tsohon yaɗo kusa da gindi ya fi yin ƙwai, don haka kada ka sauka can ƙasa wajen yanka. In iri ya yi ƙaranci kana iya ƙara yankan na biyu a bayan na farko, muddin ka bar aƙalla taƙi ɗaya tsakaninka da ƙasa.

Yanzu ka ƙirga gaɓoɓi daga wajen yankan. Gaɓa uku na ƙasa su ne za su shiga cikin kunya. Ganyen waɗannan ukun ne za ka cire. Sauran na sama, uku ko huɗu tare da toho, ka bar su yadda suke.

A nan ne mutane da yawa suke ɓata aikin. Sai mutum ya kama yaɗo da hannu ɗaya, ya zuge shi da ɗayan daga sama zuwa ƙasa don sauri. Wannan yana yage fatar gaɓa. Ka duba gaɓa da kyau, daidai gindin hannun ganye, za ka ga 'yan ƙulle-ƙulle ƙanana ta gefe da gefe. Nan ne saiwa take fitowa. In ka yage wurin ka kashe saiwar tun ba ta fito ba, ka kuma buɗe wa ruɓa ƙofa. Ka sa wuƙa mai kaifi ko farce ka tsinke hannun ganyen, ka bar ɗan guntu a jikin gaɓa, zai bushe ya faɗi da kansa. In yara ne za su taya ka, ka zauna ka nuna musu a kan yaɗo goma tukuna kafin ka ba su dami.

Ganyen da aka binne ba ya amfanar shuka da kome. A jigawa mai rairayi yakan bushe kawai, ba wata ɓarna. A fadama mai laka, inda ruwa yake kwanciya bayan an buɗe magudana, yakan ruɓe a jikin gaɓa. Saboda haka mai gonar fadama ya fi kowa bukatar wannan aiki.

Da damina, in hadari ya rufe rana kuma ƙasa ta jiƙe, cire na ƙasan ya wadatar. Da bazara, cikin watan Maris zuwa Mayu, ka ƙara cire babban ganye ɗaya ko biyu daga na sama, ka bar ƙanana da toho. Masu rainon itatuwa sukan yanke rabin kowane babban ganye da almakashi in za su kafa reshen gwaiba ko lemo a cikin leda. Dabara ce mai kyau ga mai reshe hamsin. Kai kuwa in kunyoyinka suna da tazarar mita 1, kana dasawa kowane santimita 30, yaɗo wajen 33,000 za ka dasa a hekta ɗaya, wajen 13,500 a eka. Wa zai zauna yana raba ganyen wannan da almakashi?

Wannan lissafi kuma shi zai nuna maka girman asarar. In ɗaya cikin biyar ya mutu, gurbi sama da 6,000 ke nan a hekta, ga kuɗin sabon iri, ga ladan masu dashe, kuma cikon ba ya kamo na farko.

Bayan an rage ganye

Ka ɗaure yaɗon dami-dami, sako-sako, ka jingine su a inuwa kan yana kallon sama, ka rufa gindin da jiƙaƙƙen buhu. Suna iya kwana ɗaya zuwa uku a haka, har ma za ka ga fararen saiwoyi sun fara leƙowa, sai ka yi hankali da su wajen dashe. Kada ka cusa su cikin buhun leda ka ɗaure baki, zafi zai dafa su. In daga nesa za a kawo maka iri, a kan babur ko a mota, a rage ganyen tun can kafin a ɗaure, kaya zai yi sauƙi.

Ka ba kunya ruwa kafin dashe. Ka dasa da la'asar sakaliya don yaɗo ya sami sanyin dare. Inda halin tsaro bai bari mutum ya kai yamma a gona ba, ka dasa da sassafe ka ɗan yafa masa ciyawa ko karan dawa a kai. Ka kwantar da yaɗo a karkace, gaɓa uku a ciki, ka danne ƙasa da hannu. Makon farko kada ka bari kunya ta bushe. Ganyen da ka cire kuwa ka kai wa awaki da tumaki, ko a yi miya da masu taushin. In za ka tsoma yaɗo a maganin ƙwari, ka cire ganyen dabbobi tukuna.

Duk wannan daidai yake ga dankali mai jan ciki, irin su King J da Mother's Delight, waɗanda cibiyar binciken doya da rogo da dankali ta Umudike ta fitar a shekarun 2012 da 2013.

Rogo da zogale fa?

Su ba haka ba ne. Karan rogo da reshen zogale masu kauri ne, abincinsu yana ajiye a cikin itacen, saboda haka ba su bukatar ganye kafin su yi saiwa. Karan rogo ka yanka santimita 20 zuwa 25, mai ido biyar zuwa bakwai, babu ganye ko ɗaya. Reshen zogale, da dashi ko bini-da-zugu da ake kafa shinge da su, ka zage ganyen duka, ka binne kashi ɗaya cikin uku na tsawonsa. In kana shakkar wani iri, ka kai reshensa ga malamin gona na yankinku kafin ka sa masa wuƙa.