Ɗan manomi a jami'ar Damagaram: wa zai riƙe hannunsa?

Kowace shekara, in sakamakon jarrabawar bak ya fito, ana rangaɗa guɗa a gidaje da yawa na jahar Damagaram. Daga Magariya, Matamaye, Mirriya, Dungas, Gure da Tanut, samari da ƴan mata suna ɗaure kaya su nufi birni. Kafin yaro ya kai wannan matsayi, ya yi shekara 13 ko fiye bisa benci: 6 a firamare, 4 a kwaleji, 3 a lise. Cikin waɗannan shekaru uba ya saida hatsi, uwa ta saida akuya.

Amma shiga jami'a ba ita ce ƙarshen tafiya ba. Wani yaro yana shiga, ya kasa fitowa da takarda. Wani yana fitowa da takarda, ya rasa aiki. Ɗan ma'aikaci yana da kawu a ofis wanda zai nuna masa ƙofa. Ɗan manomi da ɗan makiyayi ba su san kowa a birni ba. Abu biyu ne ke iya tsaya masu a madadin kawun nan: malami mai kula da su, da wayar da ke aljihunsu in sun san amfaninta.

Jami'a ta zo kusa da gida

A da, yaron Damagaram mai son karatu mai zurfi sai ya tafi Yamai, tafiyar kusan kilomita 900. Jami'ar Yamai, wadda aka aza harsashinta a 1971, ita kaɗai gwamnati ke da ita shekara da shekaru. Iyaye da yawa ba su iya ɗaukar wannan nauyi ba, balle in ɗiya mace ce.

A 2008 aka buɗe makarantar koyon fasaha mai zurfi a Damagaram, wadda ake kira IUT. A 2010 gwamnati ta kafa jami'o'i uku, a Maraɗi, Tawa da Damagaram. A 2014 aka ƙara huɗu, a Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Daga baya aka sa wa ta Damagaram sunan André Salifou. Shi ɗan garin ne, an haife shi a 1942, ya rasu a 2022. Malamin tarihi ne, ya rubuta littafi kan sarautar Damagaram a 1971, kuma shi ya shugabanci babban taron ƙasa na 1991.

A wannan jami'a ana koyon aikin likita, kimiyya, tarihi, labarin ƙasa, harsuna da aikin koyarwa. Takardar farko, wadda ake kira lisans, tana cin shekara 3. Mai son ci gaba ya ƙara shekara 2 ya samu masta. Karatun likita ya fi haka tsawo.

Shekarar farko ita ce mai wuya

Yaron da ya fito daga ƙauye yana cin karo da abubuwan da bai saba da su ba. A lise, malami ya san sunansa. A jami'a, sai ya tarar da ɗaki cike maƙil da ɗalibai, malami na magana da Faransanci da sauri, kowa na rubutu. Wanda bai gane ba yana jin kunyar ɗaga hannu.

Ga kuma maganar wurin kwana da cimaka. Akwai ma'aikatar da ke kula da ɗakunan kwana da abincin ɗalibai, ana kiranta CROU, amma ɗakunan ba su isar kowa. Akwai ma'aikatar ANAB mai biyan kuɗin tallafin karatu, amma ba kowane ɗalibi ke samu ba, kuma wani lokaci kuɗin yana jinkiri. Yajin aiki na malamai ko na ɗalibai ya sha tsawaita shekarar karatu. Yaro mai jin yunwa, wanda ba shi da mai tambayar lafiyarsa, shi ne ke fara fashin aji. Daga fashi sai barin karatu. Wani ya koma gida, wani ya bi motar Agadas ko ta Kano neman kuɗi. Akuyar da aka saida ta tafi a banza ke nan.

Malami mai kula

Mutanen Damagaram sun san darajar malami tun kafin zuwan boko. Tun zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, birnin ya yi suna da malamai da almajirai. Uba yakan kai ɗansa wurin malami ya ce amana ce. Malamin kirki ba ya tsayawa ga biya allo kawai. Yana sanin inda yaro ke kwana, da abin da ya ci, da dalilin da ya sa bai zo karatu ba.

Irin wannan kulawa ce ɗalibin jami'a ke bukata, ko da ya tsiro gemu. Malami mai kula yana ƙoƙarin riƙe sunayen ɗalibansa. In ya ga benci babu mai shi kwana da kwanaki, yana tambayar shugaban aji. Yana ware lokaci a ofishinsa don wanda bai gane darasi ba. In ya gyara takardar jarrabawa, yana nuna wa yaro inda ya kauce, ba ya barin sa da jan biro kawai. In yarinya ta yi aure ko ta haihu cikin karatu, yana nuna mata yadda za ta rama abin da ya wuce ta.

A shekarar ƙarshe kuma, ɗalibi yana rubuta ɗan littafin bincike, yana kuma zuwa koyon aiki a wata ma'aikata, abin da ake kira sitaj. A nan ne hannun malami ya fi amfani. Shi ke duba rubutun. Shi ke ba da takardar shaida cewa yaron nan mai hankali ne. Sau da yawa tsofaffin ɗalibansa ne ke aiki a asibiti, a ofishin magajin gari, ko a ƙungiyoyin raya karkara. Kalma ɗaya daga bakinsa tana iya buɗe ƙofar da ɗan ƙauye zai yi wata yana ƙwanƙwasawa.

Kulawa ba ta nufin sassauci. Malamin da ya ba yaro makin da bai ci ba ya cuce shi, ya cuci majinyacin da zai faɗa hannunsa gobe. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Waya ta zama allo

Manoma da makiyaya sun riga sun san WhatsApp. Da shi ake aika murya, a ji kuɗin rago a kasuwa, a gaida ɗan uwa da ke Libiya. Ɗalibai ma da shi suke aiki. Aji yana buɗe zaure a cikin waya, shugaban aji yana riƙe da shi. Nan ake sanar da canjin lokacin darasi da ranar jarrabawa. Nan malami ke saka darasin da ya rubuta, kowa ya ɗauka ba tare da biyan kuɗin buga takarda ba.

A watan Maris na 2020, cutar korona ta sa aka rufe makarantun ƙasa. Malamai da dama suka koma aika darasi ta waya. Wannan lokaci ya nuna amfanin abin, ya kuma nuna iyakarsa. Ɗalibin da ya koma ƙauyen da babu layi mai ƙarfi, ko babu wurin cajin batir, ko babu kuɗin kiredi, an bar shi a baya. Saboda haka malami mai tunani yana aika saƙo mara nauyi, wanda ƙaramar waya za ta iya ɗauka.

Neman aiki ta waya

Gwamnati ba ta iya ɗaukar duk wanda ya gama jami'a. Wasu suna yin aikin bautar ƙasa, wasu suna shiga koyarwa da kwantaragi, wasu suna jiran gasar ɗaukar ma'aikata. Akwai kuma kamfanoni. Matatar man fetur ta SORAZ, wadda ta fara aiki a 2011, tana kimanin kilomita 50 arewa da birni bisa hanyar Tanut, an gina ta don tace ganga 20,000 a rana. Akwai babban asibitin Damagaram, bankuna, kamfanonin waya, da ƙungiyoyi masu aikin lafiya, ruwa da noma.

A da, sanarwar aiki tana manne a bangon ofis. Wanda ke ƙauye ba ya jin labari sai rana ta wuce. Yanzu ma'aikatu da yawa suna saka sanarwarsu a intanet da Facebook, tsofaffin ɗalibai kuma suna turo ta cikin zauren ƙannensu. Akwai wani dandali mai suna LinkedIn, wanda aka yi shi musamman don ma'aikata da masu neman aiki. Mutum yana rubuta abin da ya karanta da abin da ya iya, masu ɗaukar aiki su duba.

Waya ba ta raba mutum da zuwa ofis. Ma'aikatar ANPE, mai kula da samar da aiki, tana da reshe a Damagaram, kuma can ake yankar katin mai neman aiki. Ana kuma tambayar takardar haihuwa, takardar ɗan ƙasa, da takardar kotu mai shaida mutum ba shi da laifi. Wanda ya tanadi takardunsa tun da wuri, in sanarwa ta faɗo cikin waya, shi ke riga kowa ajiyewa.

Wanda bai samu aikin ofis ba, wayar tana iya zama masa rumfar kasuwa. Yaron da ya yi karatu yana iya ɗaukar hoton jakar fata ta dukawan Damagaram, ko raken Matamaye, ko ragon gidansu, ya nemi mai saye a Yamai ko Agadas.

Hattara da macuta

Inda ake rabon alheri, nan ɓarawo ke raɓewa. Akwai masu buga sanarwar aikin ƙarya, su ce a turo kuɗi kafin a sa suna. Akwai masu alkawarin karatu ko aiki a ƙasar waje, su karɓi kuɗi su kashe waya. Duk sanarwar da ta ce a aika kuɗi ga lambar wani mutum, a kai ta gaban malami ko ofishin ANPE kafin a taɓa aljihu.

Abin da yaro ya rubuta a Facebook kuma yana nan ajiye. Mai ɗaukar aiki yana iya dubawa ya ga zagi ko hoton banza. Tun 2019 ƙasa tana da doka kan laifin da ake yi ta intanet, an kuma ƙara tsaurara ta a 2024. Magana zarar bunu ce, a baki ko a waya.

Rabon iyaye

Uban da bai yi boko ba, ko wanda yanzu ya fara haɗa baƙi a ajin yaƙi da jahilci, yana da nasa aiki. Ya yanka wa kowane yaro takardar haihuwa tun yana jariri, suna da shekara su zama daidai. In ɗansa ya shiga jami'a, ya nema masa mai masauki na kirki a Birni ko Zango. Ya riƙa aika masa murya, ya tambaye shi sunan malaminsa da ranar jarrabawarsa. In an yi girbi, tiya kaɗan ta hatsi ko wake tana rage wa ɗalibi tunani. In yaro ya roƙi kuɗin kiredi, a tambaye shi abin da zai yi da shi, kada a ɗauka duk wasa ne. Ɗiya mace ma a ba ta wannan goyon baya, domin asibitin ƙauye yana jiran likita mace da ungozoma.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In malami ya riƙe amana, iyaye suka riƙe zumunci, yaro ya riƙe wayarsa da hankali, to, ɗan manomi zai iya tsayawa sahu ɗaya da ɗan kowa ranar neman aiki. Allah ya sa wa karatun yaran karkara albarka, amin.