Albarushin Libarba: Me Ya Sa Sikeli Ya Fi Komai Muhimmanci a Teburin Ɗura Harsashi

Bidiyonmu na wannan makon a kan sikelin dijital ne, irin wanda masu ɗura harsashi da hannu ke amfani da shi a nan Amurka. Da yawa cikinku sun tambaya: wai me ya sa mutum zai kashe kuɗi a kan sikelin da ke auna abin da bai kai nauyin ƙwayar shinkafa ba? To, amsar tana cikin albarushin kansa.

Kafin nan dai, a Amurka wannan sana'ar hannu ce da doka ta yarda da ita, kowace jiha da sharuɗɗanta. Wanda ke Ingila, an hana yawancin ƙananan bindigogi tun 1997. A Najeriya da Gana kuwa haɗa harsashi ba lasisi laifi ne babba. Kar wani ya ce daga nan ya ji.

Mu da muka san bindigar mafarauta ta gida, baƙin albarushi muka sani, wanda ake zubawa da awo. Na zamani daban ne. Bafaranshe Paul Vieille ya fito da albarushi marar hayaƙi a 1884, kuma ƙarfinsa ya ninka na baƙin. Zuba shi a bindigar gargajiya, ƙarfen ne zai tarwatse a hannun mutum.

Matsalar libarba ta samo asali ne daga nan. Harsashin .38 Special na Smith & Wesson an tsara shi ne a ƙarshen ƙarni na 19 don baƙin albarushi, shi ya sa kwansonsa ke da zurfi. Idan ka zuba masa albarushi mai saurin ci, irin su Bullseye, ɗan kaɗan ne ke kwanciya can ƙasa. Zubi biyu zai shiga ba tare da ya cika ba, ido kuma ba lallai ya lura ba. Ƙungiyar SAAMI, mai sa ma'aunin harsasai a Amurka tun 1926, ta tsayar da matsin .38 Special a 17,000 psi, na .357 Magnum kuma 35,000. Zubi biyu na iya zarce duka biyun. Kwanson .357 ma an ƙara masa ɗan tsawo ne da gangan don kar ya shiga bindigar .38.

Shi ya sa ni, in sabon shiga ya tambaye ni, nakan ce ya nemi albarushin da ke cika kwanso, wanda in an yi zubi biyu sai ya tumbatsa ka gani. Trail Boss an yi shi ne don haka, ƙwayoyinsa kamar ƙananan zobba, sai dai samunsa a shago ya zama aiki. Unique na tsaka-tsaki ne, tsofaffin hannu na son sa, ko da yake yana barin datti.

Masu jinkirin ci irin H110 da Winchester 296 na magnum ne, kuma haɗarinsu ta ɗaya gefen yake. In ka rage su ƙasa da abin da littafi ya ce, wai kana taka-tsantsan, wutar na iya ƙin kamawa sosai, harsashi ya maƙale a cikin bututu. Harbi na gaba ya same shi a hanya. Duk ranar da ka ji ƙarar ta fito sanyi-sanyi, tsaya, buɗe, leƙa bututun.

Ba zan rubuta adadi ko ɗaya a nan ba. Adadi na littafin Lyman ne ko Hornady, ko shafin kamfanin da ya yi albarushin, kuma daga na farawa ake tashi. Abin da wani ya rubuta a Facebook ba ma'auni ba ne. A kula da sunaye ma: H4227 da IMR 4227, ko Clays da Universal Clays, suna kama da juna a gwangwani amma kowanne da layinsa a littafi.

Yanzu ga sikelin. Ana auna albarushi da giren, wato kusan giram 0.065, sikeli mai kyau kuma yana gane kashi ɗaya cikin goma na giren. A wannan ƙanƙantar komai na taɓa shi: iskar fanka, teburin da ke girgiza, wayar da ka ajiye kusa da shi, batirin da ya fara sanyi. Masu arhan nan sukan zame a hankali, sifirinsu ya gusa kana cikin aiki. Nakan kunna nawa ya ɗau kamar rabin awa kafin in fara, in gwada shi da duwatsun awo, in kuma ajiye tsohon sikeli mai sanda a gefe don in riƙa haɗa su. Shi ba ruwansa da batir.

Akwai kuma Lock-Out Die na RCBS, wanda ke tsayar da injin cak in kwanso ya zo wayam ko da zubi biyu. Powder Cop na Hornady nuna maka kawai yake yi, sai kana kallo. Ni na fi son mai tsayarwa.

Gwangwani ɗaya kawai a kan tebur, ko yaushe. In an gama, a mayar da ragowar cikin gwangwaninsa na asali, a ajiye wuri mai sanyi, nesa da wuta da yara, ba cikin akwatin ƙarfe mai rufe ruf ba. In ka buɗe ka ji wari mai tsami ko ka ga ƙura ja kamar tsatsa, ya lalace ke nan, kira ofishin kwashe shara mai haɗari na yankinku su faɗa maka inda za ka kai shi.