Shehu Malami, Sarkin Sudan na Wurno: darasin iya magana ga 'yan Arzèkè

Ranar 19 ga Disamba 2022 Allah ya yi wa Alhaji Shehu Malami rasuwa a birnin Alƙahira, yana da shekara 85. A nan Parakou da Djougou ba kowa ya san sunan ba, amma a Najeriya an san shi ta fuska uku: marubuci, ɗan kasuwa, kuma jakada. A ganina rayuwarsa tana da abin faɗa mana, mu da abincinmu ya rataya a kan hanya da iyaka.

An haife shi a 1937 cikin gidan sarautar Sakkwato, ya tashi a hannun Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda ya yi shekara 50 a kan gado, daga 1938 zuwa 1988. Daga baya aka naɗa shi Sarkin Sudan na Wurno, garin da kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake. Duk wanda ya girma a fada irin wannan, abin da ake fara koya masa shi ne gaisuwa, da sauraro, da sanin lokacin da ake yin shiru.

Ya bar littattafai biyu da aka fi saninsa da su, duka da Turanci: Nigerian Memories na 1985, da tarihin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku da ya fito a 1989, shekara ɗaya bayan rasuwar sarkin. A fagen kasuwanci kuwa ya zauna a hukumomin gudanarwa na manyan kamfanoni, har ya shugabanci ta kamfanin rarraba wutar lantarki na Abuja.

Amma inda aka auna shi da gaske, Afirka ta Kudu ce. Shi ne jakadan Najeriya na farko a can bayan faɗuwar mulkin wariyar launin fata, a zamanin Janar Sani Abacha. Ranar 10 ga Nuwamba 1995 gwamnatin soja ta rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas. Nelson Mandela ya fusata, ya matsa har aka dakatar da Najeriya daga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila, Afirka ta Kudu ta kira jakadanta gida. A farkon 1996 Najeriya ta ƙi tura 'yan ƙwallonta gasar cin kofin Afirka da aka yi a can, alhali kofin yana hannunta.

To ka ɗauka kai ne wakilin ƙasa a irin wannan yanayi. Ba kai ka yanke hukuncin ba, amma kai za a kalla. In ka mayar da baƙar magana, ka rufe ƙofa. In ka zagi gwamnatinka, ka ci amana. Abin da ya rage maka shi ne ladabi da haƙuri, ka riƙe zumunci da mutane har shugabanni su huce. Sun kuwa huce: bayan 1999, Olusegun Obasanjo da Thabo Mbeki suka zama abokan tafiya a harkokin Afirka.

Me ya kawo wannan zance Arzèkè? Tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Yamai aka rufe gadar da ta haɗa Malanville da Gaya. CEDEAO ta ɗage takunkuminta a Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ta bar nata a rufe, ga kuma rigimar bututun man da ke sauka Sèmè. Mai albasa, mai masara, direban babbar mota, ɗan dako, kowa ya ji a jikinsa. Da abin ya yi tsami, dattawa aka nema: a watan Yunin 2024 tsofaffin shugabanni Nicéphore Soglo da Boni Yayi suka tafi Yamai neman sulhu.

Mu Hausawan zango muna tsakiya. Takardunmu na Benin ne, dangi kuwa suna Dosso da Maraɗi da Sakkwato. Kakanninmu fatake da ke bi ta Nikki da Djougou zuwa Salaga sayen goro sun ratsa ƙasashen Bariba da Dendi ne da iya gaisuwa da cika alkawari, da mai masauki da ke tsaya musu. Wannan jarin ne nake tsoron muna ɓarnatarwa a WhatsApp, inda yaro zai zagi ƙasa guda cikin saƙon murya na minti ɗaya, gobe kuma babansa ya nemi bashin kaya wurin mutumin ƙasar.

Ina koyar da yara, kuma na san ba a allo kaɗai suke ɗaukar wannan darasi ba. A rumfa suke ji, a bakin masallaci suke gani. Shugabanni za su sasanta wata rana, gada za ta buɗe, kuma waɗanda ka yi wa magana jiya su ne za ka tarar a ƙetaren kogi. Allah ya jiƙan Sarkin Sudan, ya sa mu iya bakinmu.